Wilhelm von Humboldt (1767-1835): Rayuwarsa da Kafuwar Jami'ar Barlin

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya kai shekarar ƙarshe a jami'a ya san akwai wani nauyi a kansa wanda ba ya sauka da haddace abin da malami ya faɗa a aji, watau rubuta kundin bincike. Tilas ne ya fita ya tono wani abu da kansa, ya tace shi, sa'an nan ya kawo gaban malamansa ya kare. Su ma malaman, bayan koyarwa, ana jiran a ga abin da suka ƙara a kan ilmin da suka tarar. Wannan tsari ya zame mana jiki har muna ɗauka haka jami'a take tun fil azal, alhali kuwa yana da mafari, yana kuma da mutanen da suka sha wahalar assasa shi. Daga cikin waɗannan mutane babu wanda aka fi ambato kamar wani Bajamushe, Wilhelm von Humboldt, wanda ya tsaya tsayin daka har aka kafa Jami'ar Barlin a shekarar 1810.

Manufar wannan maƙala ita ce a kawo taƙaitaccen tarihin wannan mutum, a bayyana irin jami'ar da ya yi nufin kafawa, sa'an nan a duba yadda ta kaya da ita bayan ransa. Tarihinsa ya shafi ɗalibin harshe ta fuska biyu, domin ban da aikin jami'a yana cikin magabatan masu nazarin harsunan duniya, ita kuma jami'ar tasa tana da hannu a tarihin nazarin Hausa a Turai.

Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Wilhelm von Humboldt ran 22 ga watan Yuni, 1767, a garin Potsdam cikin daular Purushiya, ɗaya daga cikin dauloli masu yawa da ƙasar Jamus ta rarrabu a cikinsu a wancan zamani. Mahaifinsa hafsan soja ne, daga baya ya zama bafade a gidan sarauta. Mahaifiyarsa kuwa, Marie-Elisabeth Colomb, jikar Faransawan nan ce da suka yi ƙaura zuwa Purushiya saboda tsanantawar da aka yi musu a kan addini. Mace ce mai wadata, ita ce kuma mai gidan gona na Tegel da ke bayan birnin Barlin, inda 'ya'yanta suka tashi. A 1769 aka haifa masa ƙane, Alexander, wanda daga baya ya shahara wajen binciken tsirrai da duwatsu da labarin ƙasa a Kudancin Amurka.

Mahaifinsu ya rasu a 1779, Wilhelm yana da shekara goma sha ɗaya, sai ɗawainiyar tarbiyyarsu ta koma hannun uwa. Ba a taɓa kai su makaranta ba, malamai aka riƙa ɗauko musu har gida. Na farko a cikin waɗanda aka sani shi ne Joachim Heinrich Campe, bayansa sai Christian Kunth, wanda ya tsara musu karatu ya kuma riƙa gayyato masanan Barlin suna yi musu darasi a kan shari'a da falsafa da tattalin arziki. Tun a nan aka ga inda kowannensu ya karkata: ƙanen ga halittu, yayan kuwa ga harsuna, musamman Girkanci da Latin.

Neman Ilmi da Barin Aikin Gwamnati

A 1787 ya shiga jami'ar Frankfurt ta bakin kogin Oder, amma zango ɗaya kawai ya yi, domin karatun wurin bai gamsar da shi ba. A 1788 ya koma Göttingen, wadda ta fi kowace jami'ar Jamus suna a lokacin. Shari'a aka tura shi ya karanta, sai dai zuciyarsa tana ga darasin Christian Gottlob Heyne a kan adabin Girkawa da Rumawa, da kuma littattafan Immanuel Kant na falsafa. Duk zamansa na jami'a bai wuce shekara biyu ba.

A watan Agusta na 1789 ya raka tsohon malaminsa Campe zuwa birnin Faris, makonni kaɗan bayan ɓarkewar juyin juya halin Faransa, ya ga yadda talakawa suka tayar wa sarauta. Da ya komo sai ya kama aiki a kotun Barlin a 1790, amma shekara guda ya yi ya ajiye. A 1791 ya auri Caroline von Dacheröden, mace mai ilmi da son zane-zane, suka koma zama a gonakin mahaifinta. Mutane suka yi ta mamakin saurayi mai asali da ya juya wa girma baya. Shi kuwa a ganinsa babban aikin da ke gaban ɗan Adam shi ne ya gina kansa, watau ya raya duk wata baiwa da aka halicce shi da ita, ba tare da ɗaya ta danne sauran ba.

Wannan tunani ne ya zuba a wani littafi da ya rubuta a 1792 a kan iyakar da ya kamata hukuma ta tsaya. Ya nuna cewa aikin gwamnati shi ne kare rayuka da dukiya, in ta wuce nan ta shiga tsara wa mutane tunaninsu da addininsu da tarbiyyarsu, to za ta mai da su tamkar kayan aiki. Saboda masu tace rubutu, 'yan ɓangarori kaɗan aka buga a lokacin, littafin bai fito cikakke ba sai 1851, bayan rasuwarsa. Baturen Ingila John Stuart Mill ya dogara da shi ƙwarai a littafinsa na 1859 a kan 'yanci. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan batu, domin wanda ya ce hukuma ta janye hannunta daga tarbiyya shi ne wata rana za a damƙa wa ragamar ilmin ƙasa.

Tafiye-tafiyensa

A 1794 ya koma garin Jena, inda ya ƙulla abota da manyan marubutan Jamus biyu, Schiller da Goethe, har suna ba shi rubuce-rubucensu ya duba. Bayan rasuwar mahaifiyarsa a 1796 ya sami gado mai yawa, sai ya kwashi iyali zuwa Faris a 1797. Daga can ya zaga ƙasar Sifen a 1799 da 1800, ya kuma sake komawa a 1801 musamman don al'ummar Bask, mazauna duwatsun kan iyakar Sifen da Faransa. Harshensu ba shi da dangantaka da harsunan maƙwabta, ginin jimlarsa kuma ya saɓa wa duk abin da nahawun Latin ya tanada. Humboldt ya bi ƙauyuka yana sauraro, yana tambaya, yana rubutawa. A nan ya fahimci cewa ba a auna kowane harshe da mudun wani, sai a shiga cikinsa a gano tsarinsa.

Daga 1802 zuwa 1808 ya zama wakilin Purushiya a fadar Paparoma da ke birnin Rum. Aikin ba shi da yawa, saboda haka ya sami sukunin karatu, ya kuma tattara nahawun harsunan 'yan asalin Amurka daga hannun wani limamin Kirista mai suna Lorenzo Hervás. A Rum ne kuma ya binne 'ya'yansa maza biyu, babban a 1803, ɗayan a 1807.

Faɗuwar Purushiya

Ran 14 ga Oktoba, 1806, sojojin Nafoliyon na Faransa suka ragargaza rundunar Purushiya a Jena da Auerstedt, bayan mako biyu Nafoliyon ya shiga Barlin. Sarki Friedrich Wilhelm na Uku ya gudu zuwa gabashin ƙasa. A yarjejeniyar Tilsit ta 1807 aka yanke wa Purushiya kusan rabin ƙasarta, aka kuma ɗora mata diyya mai nauyi. Cikin abin da ta rasa har da Halle, babbar jami'arta. Wasu malaman Halle suka bi sarki har garin Memel suka roƙe shi ya buɗe musu wata a Barlin. An ruwaito cewa sarki ya amince, bisa hujjar cewa abin da ƙasa ta rasa na ƙarfin damtse sai ta mai da shi ta ƙarfin ilmi.

To, amma wace irin makaranta za a kafa? A wannan zamani darajar jami'o'i ta zube a Turai. Ana ganinsu wuraren da malami yake karanto tsohon littafi ɗalibai suna kwafa, in an tashi kuma sai shaye-shaye da faɗa. Faransa ta rushe nata a 1793, ta koma ga makarantun sana'a, kowace da abin da take horarwa, wannan injiniyoyi, waccan likitoci, duka a ƙarƙashin umurnin gwamnati. Akwai masu ganin Purushiya ta bi wannan hanya. Masana biyu, Fichte da Schleiermacher, kowannensu ya rubuta nasa tsari, aka yi ta muhawara, magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Wata Goma Sha Shida

Babban wazirin da ya jagoranci gyaran ƙasa, Freiherr vom Stein, shi ya ba da sunan Humboldt. Da farko ya nemi a ɗauke masa, domin ransa yana ga komawa Rum, amma sarki ya matsa, sai ya karɓa. A watan Fabrairu na 1809 aka naɗa shi shugaban sashen addini da ilmi a ma'aikatar harkokin cikin gida. Mutumin da bai taɓa zama a benci a makaranta ba, bai kuma taɓa koyarwa ba, shi ne ya zama mai kula da makarantun ƙasa gaba ɗaya.

Ya fara daga tushe. Ya raba karatu hawa uku: makarantar farko, da ta tsakiya, da jami'a. Ya dage a kan cewa kowane yaro, ɗan talaka ko ɗan sarauta, sai a fara ba shi ilmin da zai mai da shi cikakken mutum kafin a koya masa sana'a, domin wanda aka horar ga sana'a ɗaya tak, ran da ta mutu ya mutu tare da ita. A ƙarƙashinsa aka shirya jarrabawar da duk mai son koyarwa a makarantun tsakiya zai ci, aka kafa dokarta a 1810. Da wannan koyarwa ta zama sana'a mai zaman kanta, ta daina zama wurin da limamai suke jiran a ba su coci.

Game da jami'a, a watan Yuli na 1809 ya miƙa wa sarki takardar neman izni, ran 16 ga Agusta sarki ya sa hannu. Aka ba da fadar Yarima Heinrich da ke kan babban titin Unter den Linden ta zama mazauninta, aka kuma yi alkawarin tala 150,000 duk shekara, watau kuɗin azurfa na ƙasar, ga jami'ar da sauran cibiyoyin ilmi na birnin. Ƙasar da ke biyan diyyar yaƙi ba ƙaramar sadaukarwa ta yi da wannan ba.

Ana iya taƙaita manufofinsa a kan abubuwa huɗu. Na farko, bambancin makaranta da jami'a: makaranta tana koyar da ilmin da aka gama tantancewa, jami'a kuwa tana ɗaukar ilmi a matsayin abin da ba a gama ganowa ba, ba kuwa za a taɓa gamawa ba. Na biyu ya biyo daga na farko: tun da ilmi bai kammala ba, malami da ɗalibi abokan nema ne, ɗaya yana da gogewa, ɗaya yana da kaifin ƙuruciya, saboda haka bincike da koyarwa ba su rabuwa. Na uku, 'yanci: malami ya koyar da abin da bincikensa ya kai shi, ɗalibi ya zaɓi darasin da zai halarta. Na huɗu, haɗin fannoni: tsangayar falsafa, wadda ta ƙunshi harsuna da tarihi da lissafi da kimiyya, ta tashi daga matsayin share fage ta zama daidai da tsangayoyin addini da shari'a da likitanci.

Matsayin gwamnati shi ne ya fi ba shi wuya. A ganinsa wajibinta ne ta kawo kuɗi da gine-gine, sa'an nan ta tuna cewa duk sa'ad da ta tsoma baki cikin aikin ilmi, cikas take kawowa. Duk da haka bai yarda a bar wa malamai naɗa 'yan'uwansu ba, domin ya san halinsu na ƙungiyanci da hassada, sai ya bar wannan a hannun hukuma. Don jami'a ta tsaya da ƙafarta, ya nemi a yanka mata wani yanki daga gandayen sarki ya zama kamar waƙafi, ta riƙa cin amfaninsa ko da wane ne ke mulki. Wannan shawara ba ta kai ga aiki ba. Jami'a ta ci gaba da karɓar kuɗinta daga baitulmali shekara shekara, Hausawa kuwa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Ya ba da ƙarfinsa wajen zaɓen malamai. Ya jawo Schleiermacher ga fannin addini, Savigny ga shari'a, Hufeland ga likitanci, Fichte ga falsafa, da tsohon abokinsa Wolf ga adabin Girkawa. Amma kafin a buɗe ƙofa sai saɓani ya shiga tsakaninsa da manyansa, domin an ƙi ba shugabannin sassa irinsa murya a majalisar ƙoli. A watan Afrilu na 1810 ya nemi a sallame shi, a watan Yuni aka amsa. Duk zamansa a kujerar wajen wata goma sha shida ne. A watan Oktoba na 1810 aka fara karatu da ɗalibai 256 da malamai 52, shi kuwa yana birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a matsayin jakada.

Jakadanci da Sauke Shi

Shekaru tara da suka biyo ya yi su ne cikin siyasar Turai. Ya taimaka wajen jawo Ostiriya cikin ƙawancen yaƙar Nafoliyon a 1813, ya kuma wakilci ƙasarsa tare da waziri Hardenberg a babban taron Biyana na 1814 zuwa 1815. A 1817 aka tura shi Landan, a 1819 kuma aka ba shi minista, yana fatar ganin an yi wa ƙasa tsarin mulki da majalisar wakilai kamar yadda sarki ya yi alkawari.

A wannan shekara ce wani ɗalibi, Karl Sand, ya kashe marubuci Kotzebue saboda siyasa. Sarakunan Jamus suka fake da wannan suka kafa dokokin Karlsbad: aka tsananta tace littattafai, aka haramta ƙungiyoyin ɗalibai, aka ajiye wakilin gwamnati a kowace jami'a yana sa ido a kan abin da ake koyarwa. A Barlin aka kori wani shaihun malamin addini, de Wette, don ya rubuta wa mahaifiyar Sand wasiƙar lallashi. Humboldt ya fito fili ya soki dokokin, sai aka sauke shi ran 31 ga Disamba, 1819. Jami'ar ba ta cika shekara goma ba abin da ya ji mata tsoro ya auku.

Zaman Tegel da Nazarin Harsuna

Ya koma gidan gadonsa na Tegel, ya ba da sauran shekarunsa goma sha biyar ga harsuna. A 1820 ya gabatar wa majalisar masanan Barlin maƙala a kan kwatanta harsuna, a 1821 ya buga littafinsa a kan harshen Bask. Ya koyi Sanskirit, tsohon harshen Indiya, ya kuma taimaka aka ɗauko Franz Bopp, masanin kwatanta harsunan Indiya da Turai, zuwa jami'ar a 1821. Ya nazarci Sinanci da harsunan Amurka, daga ƙarshe ya duƙufa a kan Kawi, tsohon harshen adabi na tsibirin Jawa. Ta nan ya ƙarfafa hujjar cewa harsunan da suka bazu daga Madagaska har tsibiran tekun Fasifik dangin juna ne.

Ra'ayinsa a kan harshe ya yi daidai da ra'ayinsa a kan ilmi. A wurinsa harshe aiki ne da mai magana yake sabuntawa duk sa'ad da ya buɗe baki, ƙamus da nahawu kuwa sawunsa ne kawai da aka adana. Kalmomi da ƙa'idoji suna ƙidayuwa, amma jimlolin da za a gina da su ba su da iyaka, wannan batu ne Noam Chomsky ya farfaɗo da shi a shekarun 1960. Har wa yau ya nuna cewa kowane harshe yana da tasa hanyar kallon duniya. Alal misali, Bahaushe yakan ɗauki tushe ɗaya ya ce saya, sayo, saye, sayar, sayu, ya bambanta inda kaya suka nufa, da ko an ƙarar da su, da ko cinikin ya yiwu, duka da ɗan sauyi a ƙarshen kalma, abin da wani harshe sai ya kawo kalmomi dabam dabam. Saboda haka mutuwar harshe hasara ce ga 'yan Adam duka. Sai dai shi ma ɗan zamaninsa ne, domin ya fifita ginin harsuna irin su Girkanci da Sanskirit a kan sauran, ra'ayin da masana kimiyyar harshe suka yi watsi da shi daga baya.

Matarsa ta rasu a 1829, daga nan jikinsa ya fara rauni, hannunsa yana rawa har sai da ya koma shifta ana rubuta masa. Ya rasu ran 8 ga Afrilu, 1835, yana da shekara 67, aka binne shi a Tegel kusa da ita. Ƙanensa ya tsaya aka buga aikinsa na Kawi cikin juzu'i uku tsakanin 1836 da 1839, gabatarwarsa kuwa ta zama ɗaya daga cikin tubalan ilmin harshe.

Jami'ar Bayan Ransa

A 1828 aka sa wa jami'ar sunan Sarki Friedrich Wilhelm. Cikin ƙarni na 19 ta zama zakara a Turai. Hegel ya koyar da falsafa a cikinta daga 1818. Ranke ya horar da masu tarihi ta hanyar zaunar da ɗalibai kaɗan su tsefe takardun asali tare da malami. Virchow da Koch sun sauya fuskar likitanci, Helmholtz da Planck suka yi haka a kimiyyar lissafi da halitta, Einstein ya iso a 1914. Cikin ɗalibanta akwai Karl Marx, da baƙar fatar Amurka W. E. B. Du Bois wanda ya yi karatu can daga 1892 zuwa 1894. Mata kuwa ba a ba su cikakkiyar damar shiga ba sai 1908. Ƙasashe suka riƙa kwaikwayon tsarin Jamus: Amurka ta kafa Jami'ar Johns Hopkins a kansa a 1876, Ingila ma ta karɓi digirin dakta na bincike a 1917, daga can kuma ya bi jami'o'in ƙasashen da ta mallaka.

Ya kamata a faɗi cewa masu tarihi na baya-bayan nan suna jan hankali kada a ɗora masa komai shi kaɗai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Takardar da ya zayyana manufofinsa a ciki bai ma ƙarasa ta ba, ta kwanta a ma'ajiyar gwamnati har ƙarshen ƙarnin, ba a buga ta cikakkiya ba sai 1903. Dokokin jami'ar sun fi bin shawarar Schleiermacher, Göttingen da Halle kuma sun riga Barlin fara wasu abubuwan. Amma shi ne ya kashe muhawarar, ya samo izni da gida da malamai.

Mafi munin kwanakinta sun zo a 1933, sa'ad da 'yan Nazi suka hau mulki. Aka kori malamai sama da ɗari biyu, yawancinsu don Yahudawa ne. Ran 10 ga Mayu ɗalibai da kansu suka tara littattafai wajen 20,000 suka cinna musu wuta a dandalin da ke fuskantar jami'ar, tsallaken titi daga inda mutum-mutumin Humboldt yake zaune tun 1883. Bayan yaƙi aka sake buɗe ta a 1946 a ɓangaren birnin da Rasha ke riƙe da shi. Da aka fara korar ɗalibai saboda ra'ayinsu, sai wasu ɗalibai da malamai suka ƙaura yamma suka kafa Jami'ar 'Yanci ta Barlin a 1948. A 1949 aka sa wa tsohuwar sunan Humboldt don tunawa da 'yan'uwan biyu. Bayan haɗewar Jamus a 1990 aka yi mata garambawul, a 2012 kuma ta shiga sahun jami'o'in da gwamnatin Jamus ta zaɓa a matsayin na gaba wajen bincike. A dandalin nan kuwa an gina wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa a 1995, ana leƙa shi ta gilashi, ba kome a ciki sai kantocin littattafai wayam.

Barlin da Nazarin Hausa

Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasashenmu da suna Abdulkarim, ɗalibin wannan jami'a ne. Ya shige ta a 1839, ya karanta adabin Girkawa a wurin Böckh da labarin ƙasa a wurin Ritter, ya sami digirin dakta a 1844. Horon da ya samu ya bayyana a tafiyarsa: ya koyi Hausa a hanya, ya shiga Katsina da Kano a 1851, ya isa Sakkwato da Gwandu a 1853, yana neman littattafan malaman ƙasa yana karantawa, yana tattara kalmomi. Tare da shi Dorugu ya tafi Turai a 1855, daga bakin Dorugu kuma J. F. Schön ya rubuta labaran da suka fito a 1885. Barth ya zama malami a jami'ar a 1863, ya rasu a 1865.

A 1887 aka buɗe cibiyar koyar da harsunan gabas a jami'ar, daga baya aka shigar da Hausa. Ba za a ɓoye ba cewa bukatar mulkin mallaka ce ta kawo haka, domin Jamus ta kama Togo da Kamaru, inda fataken Hausawa suke da yawa. A jerin littattafan cibiyar aka buga ƙamusun Adam Mischlich a 1906, shi kuwa Mischlich ya sha daga ilmin Imam Umaru, Bakanon da ya zauna a Kete-Krachi. Diedrich Westermann, shaihun malamin harsunan Afirka a Barlin, ya buga littafi a kan Hausa a 1911, ya yi aiki a kan daidaita rubutun harsunan Afirka, shi ne kuma ya rubuta bayanin da ke farkon ƙamusun Bargery na 1934.

Kammalawa

Mun ga yadda mutumin da ya riƙe muƙami wata goma sha shida ya bar abin da ya haura shekara ɗari biyu yana aiki. Mun kuma ga cewa jami'ar ta ɗaukaka a lokutan da aka bar malami da ɗalibi suka bi tambaya har inda ta kai su, ta kuma tozarta a 1819 da 1933 da 1948, sa'ad da mai biyan kuɗi ya ce shi zai faɗi abin da za a karanta. Matsalar da Humboldt ya so ya warware da gandun waƙafi tana nan a gaban kowace jami'ar gwamnati, watau yadda za ta ci daga hannun hukuma ba tare da ta sayar da bakinta ba. Abin da ya faru a 1933 ya ƙara nuna cewa haɗarin yana iya fitowa daga cikin gida, tun da hannun ɗalibai ne ya kunna wutar. Ga ɗalibin Hausa kuwa, tarihin nan yana tuna masa cewa harshensa na cikin ilmin da ba a gama ganowa ba, kundin da zai rubuta kuma shi ne rabonsa na wannan aiki.